Singileti ko dogon hannu: me mai keke zai sa a zafin bazara?

Wani ɗan'uwa daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce ya fara fita motsa jiki da keke duk ƙarshen mako tare da abokansa, suna bin hanyar Wudil ko ta Bichi, sau da yawa ba sa dawowa sai rana ta take. Wasu cikinsu singileti da gajeren wando suke sawa, wai iska ta fi shiga, wasu kuma sun rufe jiki ruf har wuyan hannu. Yana son ya san wa ke da gaskiya, ko baƙar fata irin tamu ma tana bukatar kariya daga rana, kuma ko rigunan nan masu tsada da aka rubuta wa UPF 50, wato lambar kariyar yadi daga rana, sun ci kuɗinsu.

Ɗan'uwa, masu dogon hannun sun fi kusa da gaskiya, amma fa sai in yadin da suka sa na kirki ne. Dogon hannu na yadin da ba ya numfashi ya fi singileti cutarwa. Bari in warware maka zare da abawa.

Ɓarna biyu rana take yi wa mai keke, mutane suna haɗa su wuri guda alhali kowacce da hanyarta. Ta farko zafi, wanda kowa yake ji a jikinsa. Ta biyu wani haske ne da ido ba ya gani, fata ma ba ta jin saukarsa sai bayan ya gama aikinsa, shi ne ake rubutawa UV. Shi ke ƙona fata, ya tsofar da ita, ya ci ido a hankali, shi ne kuma silar yawancin sankarar fata a duniya. Ƙarfinsa ba ya bin zafin gari, inda rana take a sama yake bi. A Kano sau biyu a shekara rana take tsayawa daidai bisa tsakar kanmu: wajen 21 ga Afrilu, da kuma wajen 21 ga Agusta. Ta Afrilu ba mai musu a kanta, kowa yana neman inuwa. Ta Agusta ce mai yaudara, don gari ya yi luf, ga gajimare, ga iska mai daɗi, sai mutum ya tuɓe ya hau keke. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 80 cikin 100 na wannan haske yana iya ratsa siririn gajimare. Haka mai keke a Jos: garin ya haura mita 1,200 a tudu, kuma duk hawan mita 1,000 yana ƙara wa hasken ƙarfi da kusan kashi 10 cikin 100, sanyin garin bai rage masa komai ba. Manhajar yanayi ta wayarka tana nuna ma'aunin UV. Daga 3 ake cewa a fara kariya, 11 zuwa sama shi ne matakin ƙarshe, kuma a nan ganin 11 ko 12 da tsakar ranar bazara ba abin mamaki ba ne. In ba waya, dubi inuwarka. Muddin ta fi ka gajarta, rana tana da haƙora.

Batun baƙar fata, akwai gaskiya a maganar masu cewa Allah ya riga ya yi mana sutura. Sinadarin da ke sa fata duhu yana tare kaso mai yawa na hasken. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya auna kariyar da saman baƙar fata yake bayarwa, aka samu kusan 13 a ma'aunin man kariya daga rana, na farar fata kuma kusan 3. Shi ya sa sankarar fata ta yi katutu a Ostireliya amma mu ba ta cika kama mu ta wannan hanya ba, kuma ba zan tsorata ka da abin da ba shi ne babbar barazanarka ba. Sai dai 13 ɗin ba ta kai 30 da likitocin fata suke cewa a shafa ba, balle ga wanda zai yi awa huɗu a sunkuye bisa kwalta. Baƙar fata tana ƙonewa, ja ne kawai ba ta nunawa. Za ka gane da raɗaɗin da kake ji idan ruwan wanka ya taɓa ƙeyarka da yamma, da tauri da ƙaiƙayi, bayan 'yan kwanaki kuma ka ga fatar hanci ko ta kafaɗa tana saɓulewa fari-fari. Ga dabbare-dabbaren duhu a kumatu, ga tabon ƙuraje da rana take ƙara baƙantawa ya ƙi tafiya. Abin da ya fi damuna a matsayin mai lura da 'yan keke shi ne fatar da ta ƙone ba ta fitar da gumi yadda ya kamata, wato ƙunar jiya tana rage maka juriyar zafin yau.

Akwai waɗanda wannan sassauci bai shafe su ba ko kaɗan. In akwai zabiya a tawagarku, maganarsa daban ce: sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya a Afirka tun da sauran ƙuruciyarsu, don haka shi rufe jiki gaba ɗaya da man kariya mai lamba 50 da kauce wa tsakar rana wajibi ne. Mai shafa man bilicin ya kankare kariyar da hannunsa, shi ma yana sahun nan. Sannan wasu magunguna suna sa fata saurin ƙonewa, irin su doxycycline da ake yawan sha, da hydrochlorothiazide na hawan jini. Wanda yake kan ɗayansu ya rufe jiki ko da fatarsa ta kai gawayi baƙi.

Yanzu ga zafi, wanda a ƙasarmu shi ne mai kayar da mutum nan take. Cikin kashi huɗu na ƙarfin da jikinka yake ƙonawa kana taka feda, ɗaya ne kacal yake isa taya, wani lokaci ma bai kai ba. Sauran ukun zafi suke zama a cikin jiki, kuma dole su fita. Fatar mutum tana zama ne a wajen digiri 33 zuwa 35. Muddin iskar gari ba ta kai haka ba, iskar da ke bugunka kana gudu tana kwashe maka zafi. Da zarar gari ya haura 35 sai reshe ya juye da mujiya, iskar ta fi fatarka zafi, ƙara maka take yi. A Afrilu kuwa, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, digiri 40 da rana ba baƙo ba ne. A irin wannan rana hanya ɗaya ce ta rage wa jiki, ita ce bushewar gumi a kan fata. Aikin randa ne sak: ruwan da ya tsattsafo ta jikinta iska ta busar, shi ke sanyaya na ciki, in ka naɗe ta da leda kuwa ruwan ɗumi za ka sha. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe a jiki tana ɗauke zafin da ya kai kilokalori 580. Gumin da ya ɗiga ƙasa ko ya taru a cikin riga bai tsinana maka komai ba, asarar ruwa ce kawai.

To mai singileti me ya samu? Ya samu iska, ba musu. Amma kafaɗunsa da damatsansa da ƙeyarsa suna shan rana kai tsaye, kuma fata mai duhu ta fi mai haske haɗiye zafin rana. Siririn yadi mai haske yana mayar da wani kaso kafin ya taɓa fata, sannan yana tsotse gumi ya baza shi a faɗinsa ya bushe, maimakon ya gangara ta gwiwar hannu ya zube a titi. A fagen tsere, inda mutum zai ba da duk ƙarfinsa na awa ɗaya da safe, gajeren hannu yana da hujja. Tafiyar awa uku ko huɗu da za ta kai ku hantsi ko azahar, a ganina rufewa ta fi.

Sai dai rufewa da me? Nan ne aikin yake. Lambar UPF ma'aunin yadi ce, a Ostireliya aka fara kafa ƙa'idarta a 1996. Lissafinta ba wuya: yadi mai 50 yana barin kashi ɗaya cikin 50 na hasken ya wuce, wato 2 cikin 100. Mai 30 yana barin ɗaya cikin 30, sama da 3 cikin 100 da kaɗan. Ka ga tsakanin 30 da 50 ba wata tazara ce da za ka ninka kuɗi dominta ba. Tazarar gaske tana tsakaninsu da farar rigar auduga ta yau da kullum, wadda lambarta ba ta wuce wajen 5 zuwa 7, in ta jiƙe da gumi kuma ta sauko wajen 3. Mai farar shimi jiƙaƙƙiya yana ganin ya rufe bayansa, alhali kashi ɗaya cikin uku na hasken yana ratsawa.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne saƙa. Yawancin hasken ta ramukan da ke tsakanin zare yake bi, don haka matsattsiyar saƙa ta siririn zare ta fi sakakkiyar saƙa ta kakkauran zare. Sai irin zaren. Foliyesta, wato yadin da ake yin jesin ƙwallo da shi, yana shanye UV da kansa saboda yadda aka gina shi, kuma sau da yawa ana cuɗa masa wata farar hoda tun a masana'anta don a kashe masa sheƙi, ita ma tana tare hasken. Audugar da aka sa wa bilic ta yi fari fat ita ce mafi rauni. Wandon jins yana tare kusan komai, amma wa zai taka keke zuwa Wudil da jins a Afrilu? Na uku miƙewa. Duk yadin da aka ja, ramukansa suna buɗewa, kuma a kan keke wurin da ya fi miƙewa shi ne wurin da ya fi fuskantar rana, wato kafaɗu da gadon baya. Saboda haka kada ka sayi rigar da ta yi maka kaɗan don ka yi kama da 'yan tseren talabijin. Ta kwanta a jiki, kada ta ɗame.

'Yan tseren ma sun taɓa ɗanɗana kuɗarsu. A farkon 2014 hoton bayan Chris Froome, wanda aka haifa a Kenya ya kuma lashe tseren Tour de France sau huɗu, ya zagaya duniya. Ya yi atisaye da wata riga mai saƙar raga da aka yi don zafi, rana ta bi ta ramukan ta ƙona masa baya jawur, sai sawun igiyoyin wandonsa ne suka tsira. Shi farar fata ne, naka ba zai yi ja haka ba, amma darasin yadin ɗaya ne. Raga tana da kyau a hammata da gefen haƙarƙari, inda rana ba ta kaiwa kuma gumi yake taruwa. A kafaɗa da baya ba wurinta ba ne.

Launi shi ne abin da aka fi jayayya a kai, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci in saƙa da zare sun yi daidai. Gaskiya ne rini mai duhu ya fi tare UV, gaskiya ne kuma ya fi ɗaukar zafi. Za ka ce to Buzaye fa, da baƙin rawaninsu mai sheƙi irin wanda marinan Kura suka daɗe suna rina musu? An taɓa bin diddigin irin wannan tambaya a kan Larabawan ƙauye na hamadar Sina'i masu baƙaƙen riguna, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 1980. Abin da aka samu shi ne zafin da ke isa jikin mutum ɗaya ne, ko baƙar riga ya sa ko fara, domin ƙarin zafin da baƙar ta ɗauka iska tana fitar da shi kafin ya kai fata. Amma sirrin yana ga yalwar rigar, akwai sarari tsakaninta da jiki inda iska take kai-kawo. Rigar keke a manne take da fata, zafin da ta ɗauka kai za ta miƙa wa. Kana gudu iska tana rage shi, amma ka zo hawan tudu a hankali ko ka tsaya gyaran faci a bakin titi, nan za ka san baƙa ka sa. Ni abin da nake ba da shawara shi ne launi mai haske mai ɗaukar ido: ruwan ɗorawa, ruwan lemo, kore shar, ko fari in saƙarsa ta matsu. Akwai dalili na biyu da ya fi rana gaggawa, wato direban tirela ya hango ka tun daga nesa. A manyan hanyoyinmu wannan kaɗai ya isa ya raba gardamar.

Auduga tana da wani amfani guda da bai kamata a danne mata ba. A busasshen zafi irin na Maris, jiƙaƙƙiyar auduga tana riƙe ruwa ta daɗe tana sanyaya jiki. Illarta ita ce nauyi, da gogar fata a hammata da kan nono har su yi ciwo, ga kariyarta da take zubewa in ta jiƙe. Ɗan ƙyallen auduga a wuya, ana jiƙa shi lokaci-lokaci, ya isa a ci wannan moriya ba tare da an sa rigarta ba.

Game da kuɗi: rigar da kamfanin kirki ya auna ya rubuta wa 50 tana yin abin da aka ce, in kana da hali ka saya. Amma rubutu ba wuya gare shi ba, kowa yana iya bugawa a leda. Wadda aka auna da gaske yawanci za ka ga lambar ƙa'idar da aka bi a jikin takardarta, irin su AS 4399 ta Ostireliya ko EN 13758 ta Turai. In babu hali, gwanjo ya wadatar, kuma a Ƙofar Wambai za ka samu abin da zai yi maka aiki. Nemi jesi mai dogon hannu, ka duba ƙyallen da ke cikin ɗinkin gefe ka tabbatar foliyesta ne. Zura tafin hannunka a ciki wajen kafaɗa, ka buɗe yatsu yadin ya ɗan miƙe, ka ɗaga shi saitin rana. In kana ganin ɗigo-ɗigon haske tar kamar rariya, ko kana iya ƙirga layukan tafinka, ajiye. In haske ya dusashe ya zama bai ɗaya, ya yi. Wannan gwaji ramuka kawai yake nunawa, ba ya auna zaren, amma ramukan su ne babbar ƙofa. Daga nan kara yadin a bakinka ka hura. In iska ta wuce ba wahala, gumi ma zai wuce. In ta dawo maka, leda ce aka yi wa ɗinkin riga, za ta dafa ka.

Akwai tarko guda a gwanjo da ya kama mutane da yawa. Diloli daga ƙasashen sanyi suke zuwa, kuma a can mai keke ba ya sa dogon hannu sai da hunturu. Saboda haka yawancin rigunan keke masu dogon hannu da za ka tarar, masu aljihu uku a baya da zif a gaba, na sanyi ne. Juya cikinta ka shafa. In ka ji laushi mai gashi-gashi kamar bargo, ta Disamba ce, ka ajiye ta don asubahin ɗari. Haka dogayen safar damtse da ake zurawa daga wuyan hannu zuwa hammata: akwai ta sanyi mai gashi a ciki, akwai ta rana, siririya mai santsi ciki da waje, galibi fara. Ta ranar ita ce abin da na fi so a duk kayan nan. Ka sa ta da rigarka mai gajeren hannu, ka tabbatar hannun rigar ya hau kanta don kada a bar zobe a damtse rana ta ci. In zafi ya yi zafi ka tsiyaya mata ruwa kaɗan daga gora, cikin daƙiƙa kaɗan za ka ji hannuwanka sun yi sanyi har cikin ƙashi. Wannan dabara a busasshiyar iska take aiki sosai. Daga Mayu zuwa Yuni, lokacin da gari yake yin gumi kafin ruwa ya zauna, ko ga 'yan'uwanmu na Legas da Kumasi, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, jiƙawa ba ta cika amfani ba. A nan sai a nemi yadi mafi siranta, a sauke zif, a rage gudu.

Wuraren da rana take ci a jikin mai keke ba su ne na mai tafiya a ƙasa ba, saboda sunkuyon. Ƙeya ce kan gaba, sai saman kunnuwa, bayan hannu da ke kan kan keke tun fita har dawowa, da saman cinya dab da gwiwa. Ƙwauri ba ya shan wuya sosai. Riga mai ɗan tsayayyen wuya ta fi mai faɗin wuya. Safar hannu mai yankakkun yatsu, mai haske, tana rufe bayan hannu, tana kuma cetar tafinka ranar da ka faɗi. Hular kwano ba a cire ta saboda zafi, ramukanta don iska aka yi su, amma rana ma tana bi ta nan, kuma mai sanƙo ko mai aski ƙwal zai dawo gida da zanen hular a kansa. Siririyar hula ta yadin jesi a ƙarƙashinta tana maganin wannan, in ka samu mai lema a baya da ke sauka kan ƙeya ka huta. Kada ka naɗa rawani ko kakkauran ƙyalle ka ɗora hular kwano a kai, ba za ta zauna daidai ba, kuma hular da take rawa ba ta kare kai. Malafa ta fi kowace hula inuwa, amma ta mai tafiya a hankali ce, da ka ɗau gudu iska za ta fizge ta ko ta rufe maka ido. Ƙyallen da ake ja ya rufe hanci da baki yana da amfani a ƙura da hazo, amma a tsananin zafi ka bar shi a wuya, numfashi ya fi.

Ido kuwa duhun fata ba ya kare shi. Rana tana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido, da wata tsoka da take tsirowa daga gefen farin ido tana rarrafawa zuwa baƙin, wadda ta yi yawa a tsakanin masu aiki a rana da ƙura da iska. Mai keke ya haɗa duka ukun. Nemi tabarau mai alamar UV400, mai lanƙwasa da ke rufe gefen ido. Duhun gilashi ba shi ne kariya ba. Baƙin gilashin da ba ya tace UV ya fi babu muni, don ƙwayar ido tana buɗewa a duhunsa hasken ya sami ƙofa. Masu yanka gilashin ido da yawa suna da na'urar gwadawa, kai musu su duba.

Abin da yadi bai rufe ba sai man kariya daga rana: hanci, kumatu, kunnuwa, leɓe, cinya. Lamba 30 zuwa sama, wanda gumi ba ya saurin wankewa, a shafa kamar minti 20 kafin fita, a sake duk bayan awa biyu. In kun tsaya salla a hanya, alwala ta tafi da shi, a sake shafawa. Kada ka shafa a goshi, gumi zai gangaro da shi cikin ido kana tsakiyar titi, bar wa hula wannan wuri. Man kaɗanya da basilin suna gyara fata, amma ba sa tare rana.

Akwai waɗanda ba sa son fita da matsattsen gajeren wando, ko don addini ko don idon unguwa. Ba asara suka yi ba. Wandon keke mai soso a ciki, a ɗora masa siririn wandon motsa jiki mai tsukakkiyar ƙafa, ya rufe al'aura ya kuma rufe cinya daga rana. Abin lura ɗaya ne, kada ƙafar wandon ta dama ta yi faɗi, sarƙa za ta cafke ta. 'Yan'uwa mata masu hawa keke su ma haka: ƙaramin hijabi na yadin jesi da ke shiga ƙarƙashin hular kwano a cusa bakinsa cikin riga, da riga mai sauka kan cinya. Dogon hijabi ko mayafi mai lilo kusa da taya haɗari ne, an sha ganin abin da yake yi a kan babur. Shi kuwa dattijon da ke taka keken Rali zuwa kasuwa ko gona a hankali, kaftaninsa mai yalwa da hularsa sun yi masa kusan duk abin da muke ta lissafi, ƙeya da ido kawai suka rage. Ku ne masu gudun kilomita 25 ko 30 a awa yalwar riga take zame wa kaya, ta cika da iska tana jan ku baya.

Wanki a taƙaice: ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa. Ban da ruwan bilic, ban da ruwan tausasa kaya mai ƙamshi don yana toshe zaren ya daina tsotsar gumi, kuma a gaya wa mai wanki kada dutsen guga ya kusance ta. Ranar da ta saki ta fara nuna fata a kafaɗa, ta gama aiki.

Duk da haka, babu rigar da za ta mai da ƙarfe ɗayan ranar Afrilu lokacin hawa keke. A gasar tseren keke ta duniya da aka yi a Doha a Oktoban 2016, an ba wasu 'yan tsere ƙwayar auna zafi suka haɗiye. Ɗaya cikin huɗu zafin cikinsa ya haura digiri 40, wani har 41.5, kuma waɗannan ƙwararru ne masu likitoci da motocin ƙanƙara a bayansu. Tom Simpson na Birtaniya a kan keke ya faɗi ya mutu a dutsen Ventoux a Faransa ranar 13 ga Yulin 1967, zafi ya haɗu da ƙwaya da barasa. Ku fita bayan sallar asuba, ku yi lissafin hanya yadda ƙarfe 10 za ta same ku a gida ko dab da shi. Sabon shiga, ko wanda ya daɗe bai hau ba, jikinsa yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi, kada ku ja shi doguwar hanya ranar farko. A irin wannan yanayi mutum yana zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta gumi a awa. Hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ba ka mayar ba. Farin gishirin da kake gani ya bushe a jikin riga shi ma fita ya yi daga jikinka, don haka a doguwar tafiya gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da sukari. Da azumi kuwa a bar doguwar hanya, a yi gajeriya dab da shan ruwa ko bayan tarawihi da fitila.

Ku kuma riƙa duban juna. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko tsikar jiki tana tashi a cikin zafi, alamar a sauka a nemi inuwa ce. Wanda ya fara magana ba kan gado, ko yana tangaɗi da keke, ko ya hau faɗa ba dalili, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko da kuwa har yanzu gumi yana zubo masa. A kwantar da shi a inuwa, a cire masa hular kwano da riga, a kwarara masa duk ruwan da ke hannu, mafi sanyi da aka samu, a yi ta fifita. In akwai mai sayar da ƙanƙara kusa a sa masa a wuya da hammata da matsematsi, in akwai kwarami mai ruwa ko baho a tsoma jikinsa a riƙe kansa a sama. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Tun a bakin titi ake fara sanyaya shi, a ci gaba da yi a cikin motar da za ta kai shi asibiti.